Amriki Ce Fa, Yaya

Aminu ya turo mini jerin sunayen waɗanda za a kai wa goron ɗaurin aurensa. Na karanta daga sama har ƙasa sau biyu, ban ga sunan Kawunku Bashir ba. Ban yi mamaki ba. Shekara uku ke nan babu ɗayanku da ya ɗaga waya ya gaishe shi, ko da ranar sallah, kuma na san abin da kuke riƙe da shi: kun ce shi ya haɗa mu da motar da ta wahalar da mahaifiyarku a shekararta ta ƙarshe. Saboda haka na ajiye abin da na yi niyyar rubutawa a wannan babi na tarihin rayuwata da nake rubuta muku, zan ba ku labarin motar yadda ya faru. Kun san ni ba mai dogon karatu ba ne, zan faɗe shi a miƙe.

A 2018 ina cikin shekarata ta goma sha ɗaya a Dubai, ina aiki a wani kamfanin kago da ke bayan kasuwar Murshid Bazaar. Aikina in karɓi kayan 'yan kasuwar Kano, in auna, in sa a ɗaure, in rubuta suna a jikin kwali. Mahaifiyarku ta dawo wurina bayan an kai Safiya ɗakinta, muka kama ɗaki ɗaya a Hor Al Anz, cikin wani fulat da muke rabawa da iyali biyu. A farkon shekarar aka ce ƙodarta ta gaza, sai an riƙa yi mata wankin ƙoda a asibiti sau uku a mako. Lokacin sanyi mun iya. Mu taka zuwa tashar jirgin ƙasa, mu sauka mu shiga bas, mu ƙara ɗan taku. Amma da watan Mayu ya kama, takun minti goma sha biyar ɗin nan ya zama wani abu dabam. Takan fito daga wankin kamar tsumman da aka matse, ta tsaya a jikin kowane bango mai inuwa tana cewa takalminta take gyarawa. Tasi kullum kuwa ta fi ƙarfin albashina. Na ce mota zan saya, ko wace iri ce, in dai tana tafiya.

Bashir na nema ya raka ni, don shi ne ya san motoci. Sana'arsa ke nan, yana sayen kayan gyara a Sharja yana turawa gida. Amma akwai abin da ya kamata ku fahimta game da ni da shi. Lokacin da na auri yayarsa yana aji uku a firamare. Ni na saya masa kekensa na farko. Tun daga ranar har ya yi furfura a gemu, bai taɓa kallon idona ya ce mini ba haka ba ne. In zai saɓa mini, sai ya zagayo ta nesa, ya ajiye maganar a gefe, in na ga dama in ɗauka. Haka aka raine shi, haka kuma nake son a bi da ni, ba zan ɓoye ba.

Ranar wata Asabar da hantsi muka je kasuwar tsofaffin motoci. Ya fara nuna mini wata 'yar fara, ƙarama, ƙofarta ta baya a lotse, ya ce khaliji ce, wato an ƙera ta ne domin ƙasashen nan masu zafi. Ban ko zagaya ta ba. Idona yana kan wata babba mai ruwan toka a layi na gaba, kujerun fata, bayanta da faɗi har mutum zai iya miƙe ƙafa ya kwanta. Abin da na hango ke nan, mahaifiyarku a kwance a baya, sanyi yana busa ta. Na tambayi kuɗinta, sai na ji ta fi ƙaramar araha. Mai sayarwar ya daki bonet ɗin da tafin hannu.

"Amriki, habibi. Amriki."

Bai yi mini ƙarya ba. Ya faɗi abin da take, ni ne na ji wani abu dabam. Kafin in zo Dubai na yi shekara tara ina tuƙi a Kano, kuma a wurinmu in dillali ya ce mota daga Amurka ta sauka, ya gama yabonta ke nan, sai ƙarin farashi. A Dubai kuwa kalmar gargaɗi ce. Da yawa daga motocin da ake kira Amriki sun yi haɗari ne a can ko ambaliya ta cinye su, aka yi gwanjonsu, aka sauke su nan aka yi musu kwaskwarima. Ko lafiyayyar ma, lagiretonta da esinta mai sanyaya ciki ba don wannan rana aka yi su ba. Duk mai mota a garin ya san haka. Ni shekara goma sha ɗaya ina tuƙa motar kamfani, ban taɓa sayen tawa ba, ban taɓa tambaya ba.

Bashir ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Ya ɗaga kafet ɗin ƙasa ya shinshina. Ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe, ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Amriki ce fa, Yaya."

"Ai shi ya sa," na ce.

Can ya nuna agogon gaba da yatsa.

"Lambar nan kuma mil ce."

"Dubu ɗari biyu da ɗoriya? Injin Japan ne, Bashir, yanzu ya fara ɗumi."

"Da dai mun ƙara zagawa, shwaiya, ko kaɗan ne. Kasuwar da faɗi."

"Ina riƙe da sitiyari kana koyon baƙi da wasali."

"Haka ne, Yaya. Allah ya sa alheri."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban gane ba, na ɗauka yabo yake yi. Ba gaskiya ba ne duka. Duk wanda aka haifa a Kano ya san bambancin "Amriki ce" da "Amriki ce fa". Na ji wannan "fa" ɗin sarai. Sau uku yaron nan ya ajiye mini magana a gefe, sau uku na tsallake ta, don ba na son a ce ƙanin matata ya fi ni sanin mota a gaban baƙo.

Motar ta faɗi gwajin farko na hukuma saboda tayoyi da yoyon baƙin mai, aka gyara ta ci na biyu, na karɓo takardar mallaka na kawo ta gida. Mahaifiyarku ta sauko a hankali, ta zagaya ta sau ɗaya tana dafa jikinta.

"Malam, wannan ai ta girme ni. Sai dai mu riƙa gaishe ta da safe."

Daga ranar ta sa mata suna Gwaggo. Da yamma muka kira ku a waya, ina ta murna, na juya muku hoton motar ta taga. A nan na faɗi maganar da ta jawo duk wannan. Na ce Kawunku ne ya kai ni, shi ya samo mana ita. Da niyyar yabo na faɗa, don ya samu lada a idonku. Yana zaune a bakin ƙofa a lokacin, ya sunkuyar da kai yana wasa da makullinsa.

Mako uku ta yi mana lafiya ƙalau, kuma ba zan hana ta haƙƙinta ba. A cikin makonnin nan mahaifiyarku takan kwanta a baya bayan wanki, ta lulluɓe fuska da mayafi, wani lokaci har ta yi barci kafin mu iso. Ran nan ma ta ce in bi da ita ta bakin ruwa ta ga jiragen katako da ake lodi. Daga nan esin ya fara hura iska mai ɗumi, allurar zafi ta fara hawa duk lokacin da muka tsaya a danja. Bashir ya kai ni wurin wani bakanike mutumin Maraɗi, Malam Isufu, mai gareji a unguwar masana'antu ta Sharja. Dattijo ne mai barkwanci, ba ya ɓoye wa mai mota komai. Ya buɗe bonet, ya ɗaga kafet, ya kankaro wani jan abu da farce ya nuna mini.

"Alhaji, wa ya tsane ka haka?"

"Me ka gani?"

"Wannan ta yi iyo a ƙasarsu kafin ta zo. Ga laka, ga tsatsa, har cikin wayoyi. Kuma mil dubu ɗari biyu, in ka mayar kilomita ta haura dubu ɗari uku da nisa. Motar ta gaji, sefini, tata ta ƙare. Ka ba masu yanka su cire abin da zai ciru, ka huta."

Sai ya juya ga Bashir.

"Kai kuma kana wurin aka sayi wannan? Kai da kake shinshina mota kamar mage?"

"Ina wurin," in ji Bashir.

Na ce wa Malam Isufu ya canza lagireto. Ya kalle ni, ya ce to, mota tawa ce, aljihu nawa ne, shi dai ya faɗa. Bayan lagireto aka canza fanka. Bayan fanka aka canza famfon ruwa, sannan kwamfuresan esi, sannan wasu wayoyi da suka ruɓe. Duk Juma'a bayan masallaci ina garejin a kan benci, ina kallon ƙafafun Malam Isufu sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Duk abin da aka gyara sai na ce wa kaina shi ne na ƙarshe.

Bashir bai sake yi mini maganar kai tsaye ba, ta wurin yayarsa ya biyo. Wata rana muna karin kumallo ta ce ya gaya mata akwai wani mutum a benensu da ke ɗaukar mutane a motarsa yana kai su wurin aiki, kuma hanyarsa ta bi ta asibitin, zai iya kai ta ya dawo da ita.

"Da motata a ƙofa zan sa matata a motar wani?"

"Motar taka ai ta fi ni zuwa asibiti, Malam."

"An kusa gama gyaran."

Ta ajiye kofinta, ta dube ni yadda takan dubi ɗayanku in ya yi ƙarya ƙarama.

"Shi yana yi maka kara, kai kana riƙon girma, ni kuma ina tsakiya. To, Allah ya ba Gwaggo lafiya."

Ba ta sake tayar da zancen ba.

Ranar wata Talata ce a watan Agusta, ƙarfe ɗaya na rana aka ba ta lokacin wanki. Mun hau babban titi, mun yi kamar rabin hanya, sai na ga allurar ta haye ja, tururi ya taso daga gaba. Na gangara gefe na kashe. Wurin babu bishiya, babu gada, babu komai sai kwalta da shingen ƙarfe. Wanda bai yi Agusta a ƙasar nan ba ba zai gane ba, minti biyar da kashe mota cikinta ya zama tanda. Na buɗe ƙofofi huɗu, iskar da ke shigowa ta fi ta ciki zafi. Tasi ba ta tsayawa a irin wannan titi. Mahaifiyarku tana zaune a baya da gorar ruwa a hannu, kuma an ƙayyade mata abin da za ta sha a yini, ta riga ta sha rabonta na safe. Sai ta riƙa tsoma bakin mayafi a ruwan tana goga wa leɓɓanta.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wayata tana aljihuna, lambar Bashir ce ta farko a ciki. Ban kira shi ba sai bayan minti arba'in. Na tsaya ina jira injin ya huce, na zuba ruwa, na tayar, ta yi taku kaɗan ta sake tafasa, na sake jira. Ina gudun ya zo ya same ni a tsaye a gefen titi da bonet a buɗe. Sau ɗaya ta yi magana a duk tsawon lokacin.

"Malam, ka kira yaron nan."

Na ce saura kaɗan. Sai da na ga ta jingina kai da kujera ta daina goga mayafin, sannan na kira. Ya baro kayansa a Murshid Bazaar, ya ari motar wani abokinsa, ya iso cikin abin da bai kai rabin sa'a ba. Bai kalli motar ba, bai kalle ni ba. Ya buɗe ƙofar baya ya durƙusa.

"Yaya Hadiza, taso mu tafi."

"Auta, ka zo?"

"Na zo. Yalla, mu je, riƙe wuyana."

Sun isa asibiti an riga an ba wani mara lafiya injinta, kamar yadda tsari yake, aka ce ta dawo da safe. Kafin magariba numfashinta ya fara sarƙewa, muka mayar da ita, aka kwantar da ita kwana shida. Ba zan ce muku motar ce ta kashe ta ba. Likita ya ce ciwon yana tafiyarsa ne, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Abin da na sani shi ne daga wannan ranar ba ta sake hawa matakalar gidanmu ba sai an riƙe ta. Motar kuwa aka ja ta zuwa wurin Malam Isufu, na ce ya ba masu yanka. Daga nan mutumin benen su Bashir ne ya riƙa kai ta asibiti.

A kwanakin asibitin ne Safiya ta fara cewa a waya wai wace irin mota ce Kawu ya haɗa mu da ita. Mahaifiyarku ta ji. Bayan an kashe wayar ta kira ni kusa da gadon.

"Daga bakinka maganar nan ta fita, Malam. Kai za ka gyara ta."

"Zan gyara."

"Kada ka bari yaran nan su riƙe Bashir. Ni na goye shi."

Na ce to. Na yi niyya kuma, Allah ya sani. Amma kullum sai in ga ba yau ba, a bari ta samu sauƙi tukuna, a bari hankali ya kwanta.

Ta rasu a watan Disamba, aka binne ta a nan. Ni da Bashir muka shiga kabarin muka karɓe ta. Ranar kwana uku, ɗakin cike da 'yan gaisuwa daga kasuwa, kuka kira ni ta bidiyo ku duka kuna wuri ɗaya. Safiya tana kuka, ta ce:

"Abba, duk wanda ya haɗa ku da motar nan don ya ci la'ada, Allah ya isa tsakaninmu da shi."

Bashir yana gefena, inda wayar ba ta nuna shi, yana zuba wa mutane shayi. Ya gama cika kofin da ke hannunsa, ya miƙa wa mai shi, ya ajiye filas ɗin a hankali ya fita. Magana ɗaya ta ishe ni a lokacin. Abin da na ce shi ne ki yi haƙuri, Safiya, ki yi mata addu'a. Na rasa matata kwana uku da suka wuce, na ji ba zan iya rasa yadda kuke kallona ba a mako guda. Sai na bar shi ya ɗauka. Ya ɗauka kuwa, bai taɓa kai ƙarata wurin kowa ba. Ko sisi bai ci a cinikin ba, la'ada ko wani abu. Abin da ya samu a ciki shi ne ranakun da ya rufe harkarsa ya bi ni gareji.

Ya koma Kano lokacin annobar korona, ni na tsaya. Makon jiya, bayan na ga jerin sunayen, na kira shi na gaya masa zan rubuta muku wannan. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Haba Yaya, me ya kawo wannan kuma? Abin ya wuce."

"Bai wuce ba."

"Ni ne ban yi maganar da ƙarfi ba. Da na ce kada ka saya."

"Ka faɗa, Bashir. Na ji ka."

"Kada ka zubar da girmanka a gaban yara saboda ni. 'Ya'yana ne, wata rana za su zo."

Ko a wannan bai ce mini na yi kuskure ba.

Ban rubuta don ku yafe mini da sauri ba, wannan ku ɗauki lokacinku. Safiya, Allah ya isan da kika yi ba inda kika aika shi ya kamata ya je ba, yanzu kin san inda ya dace, ki yi yadda kika ga dama da shi. Aminu, kada ka tura masa goron da ɗan aike, kuma kada ka kira a waya. Ku haɗu ku je gidansa da ƙafarku. Zai tare ku tun daga zaure, zai ce babu komai, babu komai, kafin ku gama buɗe baki. Kada ku karɓi wannan ku juyo. Ku cire takalma ku zauna har a kawo abinci, ku ci.